Ƙuri'ar da Ba Ta Samar da Wakili: Dalilin Raba Kujeru Gwargwadon Ƙuri'a

A zaɓen gwamnan Jihar Kebbi na 2023, wanda bai kammalu ba sai da aka sake fita ranar 15 ga Afrilu, Nasir Idris na APC ya sami ƙuri'a 409,225, Aminu Bande na PDP kuma ya sami 360,940. Makonni kaɗan kafin nan, a zaɓen shugaban ƙasa, Atiku Abubakar ne ya zo kan gaba a jihar da ƙuri'a 285,175, Bola Tinubu yana biye da 248,088. Duk wanda ya dubi waɗannan alƙaluma zai gane cewa jama'ar Kebbi sun rabu kusan gida biyu daidai, kuma kowane gida yana da dubban ɗaruruwan mutane. Sai dai rabon kujeru bai taɓa nuna haka ba. Kujerun sanata uku na jihar duk PDP ta kwashe su a wancan zaɓe, har Adamu Aliero ya kayar da gwamna mai ci Atiku Bagudu a Kebbi ta Tsakiya, magoya bayan APC suka tashi babu sanata ko ɗaya. Da aka zo zaɓen ƙananan hukumomi a watan Agustan 2024, wanda PDP ta ƙaurace wa, sai APC ta ɗauke shugabanni 21 da kansiloli 225, babu ko kujera ɗaya a hannun 'yan adawa. Yau wannan ɓangare ne a waje, gobe wancan. Kujerar gwamna da ta shugaban ƙasa ɗaya ɗaya ce, ba ta rabuwa. Majalisa kuwa an kafa ta ne domin ta zama taron wakilan jama'a, kuma hujjar wannan rubutu ita ce majalisar da rabin jama'a ba su ganin kansu a cikinta ta gaza aikin da aka kafa ta dominsa, kuma akwai hanyar gyara da ƙasashe da dama suka bi.

Tsarin da muke kai gado ne daga Ingila, kuma ƙa'idarsa ɗaya ce: a raba ƙasa mazaɓa mazaɓa, kowace mazaɓa kujera ɗaya, wanda ya fi sauran ƙuri'a, ko da guda ɗaya ce, shi ne wakili. Ƙaramar Hukumar Aliero tana da mazaɓun kansila goma, cikinsu har da Kashin Zama da Sabiyel da Danwarai da Jiga Birni da Rafin Bauna. A ƙaddara a kowace mazaɓa jam'iyya ɗaya ta sami mutum 55 cikin ɗari, ɗayar ta sami 45, kuma babu maguɗi, babu aringizo, babu wanda aka razana. Sakamakon shi ne kansiloli goma ga ta farko, ta biyu ba ta da ko ɗaya. Matar da ta bar girki tun da hantsi ta tsaya a layi a harabar firamare, aka tantance ta da na'ura, ta dangwala yatsa, ta jira har wakilan jam'iyyu suka ƙirga takardu ɗaya bayan ɗaya a gaban jama'a, idan tana cikin mutum 45 ɗin nan, an ƙirga ƙuri'arta daidai, an rubuta ta a takardar sakamako, an liƙa a bango, amma ba ta samar da kowa ba. Babu wanda ya sace ta. Dokar ce da kanta ta zubar da ita. Wannan ne ɓangaren matsalar zaɓe da ba kasafai muke magana a kansa ba, domin hankalinmu ya fi karkata ga satar akwati da sayen ƙuri'a, alhali ko an yi zaɓe mai tsafta kamar madara, tsarin zai ci gaba da barin jama'a masu yawa babu murya.

Ɗaya tsarin shi ne rabon kujeru gwargwadon ƙuri'a. Bahaushe ya san wannan lissafi tun daga watanda: mutane su haɗa kuɗi su sayi sa, a yanka, a kasa nama kashi kashi, mai hannu uku ya ɗauki kashi uku, mai hannu ɗaya ya ɗauki ɗaya, kuma ba a taɓa jin wanda ya fi zuba kuɗi ya ce san duka nasa ne ba. A zaɓe, maimakon mazaɓa goma masu kujera ɗaya ɗaya, sai a ɗauki yanki guda mai kujeru goma. Kowace jam'iyya ta miƙa jerin sunayen 'yan takararta tun kafin ranar zaɓe, a buga kowa ya gani. Bayan an ƙirga ƙuri'u, jam'iyyar da ta sami kashi 60 cikin ɗari ta ɗauki kujeru shida daga saman jerinta, mai kashi 30 ta ɗauki uku, mai kashi 10 ta ɗauki ɗaya. Mai rinjaye yana nan da rinjayensa, shi zai fitar da shugaban majalisa, shi zai jagoranci kwamitoci. Abin da ya canza shi ne marasa rinjaye sun shiga zauren, suna da bakin magana da ikon tambaya, kuma yawansu a ciki ya yi daidai da yawansu a gari.

Arewa ta daɗe da ɗanɗana illar tsarin da muka gada. A zaɓen tarayya na 1959, wanda ya share fagen 'yancin kai, NPC ta sami ƙuri'a kusan miliyan biyu ta ɗauki kujeru 134, NEPU ta Malam Aminu Kano ta sami kimanin rabin miliyan ta tashi da kujeru takwas kacal. Ƙuri'un NPC sun ninka na NEPU kusan sau huɗu, kujerunta kuwa sun ninka fiye da sau goma sha shida. Dalili shi ne magoya bayan NEPU a warwatse suke, talakawa da 'yan kasuwa da masu sana'a a garuruwa da yawa, suna da yawa a ko'ina amma ba su ne mafi yawa ba sai a wurare ƙalilan. Tsarin mazaɓa mai kujera ɗaya yana fifita wanda jama'arsa suka taru a wuri guda, yana hukunta wanda ra'ayinsa ya bazu ko'ina. Ko a Ingila da muka kwaso shi, haka yake yi har yau: a zaɓen 2024 jam'iyyar Leba ta sami kusan kashi 34 cikin ɗari na ƙuri'u amma ta mamaye fiye da kujeru 400 cikin 650, yayin da jam'iyyar Reform mai kashi 14 ta sami kujeru biyar. Saboda haka ba halin ɗan Najeriya ne kaɗai ke jawo wannan ba, a ginin tsarin abin yake.

Idan rinjayen ƙuri'a ɗari ne ke bambanta wanda zai kwashe komai da wanda zai koma gida hannu rabbana, to babu mamaki siyasa ta zama ta ko a mutu ko a yi rai, kamar yadda Shugaba Olusegun Obasanjo ya siffanta zaɓen 2007 da bakinsa. Ɗan takarar da ya sayar da gona da gida ya shiga takara ya san babu lada ga wanda ya zo na biyu. Daga nan ne ake samun buƙatar 'yan bangar siyasa, da rabon taliya da sabulu da atamfa daren zaɓe, da tarwatsa rumfar da aka san ta abokin hamayya ce domin a soke ta, da shari'ar da ke kaiwa har kotun ƙarshe. Daga nan kuma ake samun mutuwar zuciyar mai zaɓe. Wanda ya san jam'iyyarsa ba ta taɓa cin mazaɓarsa ba, kuma ba za ta ci ba, me zai fitar da shi cikin rana? Wanda ya san tasa za ta ci ko ya fita ko bai fita ba, shi ma me zai fitar da shi? A 2023 mutum fiye da miliyan 93 ne ke cikin rajista, amma waɗanda suka jefa ƙuri'a a zaɓen shugaban ƙasa ba su wuce kashi 27 cikin ɗari ba. Dalilan wannan suna da yawa, akwai rashin tsaro da ƙarancin kuɗi da yanke ƙauna daga 'yan siyasa, amma tsarin da ke gaya wa mutum cewa ƙuri'arsa ba za ta ƙara komai ba yana daga cikinsu.

Wannan magana ba baƙuwa ce a Najeriya ba, kuma ɗan Kebbi, Attahiru Jega, yana cikin waɗanda suka sa mata hannu. Bayan da marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa ya amsa a jawabinsa na kama mulki cewa zaɓen da ya kawo shi yana da kurakurai, ya kafa kwamitin gyaran zaɓe mai mutum 22 a watan Agustan 2007 ƙarƙashin tsohon Alƙalin Alƙalai Muhammadu Lawal Uwais. Farfesa Attahiru Jega, wanda a lokacin yake shugabantar Jami'ar Bayero ta Kano, yana cikin kwamitin. Rahoton da suka miƙa a watan Disambar 2008 ya fi shahara da shawarar a cire naɗa shugaban hukumar zaɓe daga hannun shugaban ƙasa shi kaɗai, da kafa hukumar hukunta masu laifukan zaɓe, da bai wa ɗan takara mai zaman kansa dama. Amma a cikinsa akwai shawarar a gauraya tsarin da muke kai da na rabo gwargwadon ƙuri'a, ta hanyar ƙara kujeru 108 a Majalisar Wakilai, wato kashi 30 cikin ɗari na kujeru 360 da ake da su, a kuma yi makamancin haka a majalisun jihohi da na ƙananan hukumomi. Jega ya zama shugaban INEC a 2010, kuma a zamaninsa aka shigo da katin zaɓe na dindindin da na'urar tantance shi a 2015. Dokar Zaɓe ta 2022 ta ƙarfafa amfani da na'urar BVAS. Duk waɗannan gyare-gyare ne kan yadda ake jefa ƙuri'a da yadda ake ƙirga ta. Tambayar me ƙuri'a za ta zama bayan an ƙirga ta kuwa tana nan inda kwamitin Uwais ya bar ta.

Gaurayen tsari shi ne ya fi dacewa da mu, kuma ba shi da wuyar fahimta. Mutumin Kashin Zama zai ci gaba da zaɓen ɗan majalisarsa na mazaɓar tarayya ta Aliero da Gwandu da Jega, na Maiyama ya ci gaba da zaɓen nasa tare da mutanen Koko da Besse. Bayan an bayyana waɗanda suka ci mazaɓu, sai a tara ƙuri'un kowace jam'iyya a faɗin jiha, a dubi nawa ya kamata ta samu, a cike mata giɓin daga ƙarin kujerun. Majalisar Dokokin Kebbi tana da kujeru 24. Idan aka ƙara kashi 30 cikin ɗari, za a sami ƙarin kujeru bakwai, jimla 31. A ƙaddara jam'iyya ɗaya ta sami kashi 55 na ƙuri'u ta ci mazaɓu 18, ɗayar ta sami kashi 45 ta ci shida. A yau haka za a zauna, 18 da shida. A gaurayen tsari, ƙarin kujeru bakwai za su tafi ga wadda aka tauye, a zauna 18 da 13, wanda ya fi kusa da abin da jama'a suka faɗa. Haka Jamus take yi shekaru da dama, mai zaɓe yana da ƙuri'a biyu, ɗaya ta wakilin mazaɓa ɗaya ta jam'iyya. Haka New Zealand ta koma yi daga 1996 bayan ƙuri'ar raba gardama. Misalin da ya fi kusa da halinmu shi ne Lesotho: a 1998 jam'iyya mai mulki ta sami kusan kashi 60 na ƙuri'u ta ɗauke kujeru 79 cikin 80, tarzoma ta ɓarke har sojojin Afirka ta Kudu da Botswana suka shiga ƙasar. Maganin da suka yarda da shi shi ne ƙara kujeru 40 na rabo a kan 80 na mazaɓu, aka fara aiki da shi a 2002.

Amfanin farko da talaka zai gani shi ne majalisa mai iya tambaya. Aikin majalisa bai tsaya ga yin doka ba, ita ce ke amincewa da kasafin kuɗi, ita ce ke da ikon kiran kwamishina ko shugaban ƙaramar hukuma ya yi bayanin inda kuɗi suka tafi. Manomin albasa a Aliero da amfaninsa ke ruɓewa saboda rashin wurin ajiya mai kyau, da mai shinkafar fadama a gefen gulbi a Jega da ambaliya ke cinye wa gona, da mai kai kaya kasuwa daga ƙauyukan Maiyama a kan hanyar da damina ke yankewa, duk suna buƙatar wani a cikin zaure da ba ya jin nauyin miƙewa ya ce ina takin da aka ware, ina kuɗin hanya. Idan duk kansiloli da shugabansu ubangidansu ɗaya ne, wa zai yi wannan tambaya? Tun da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a watan Yulin 2024 cewa a riƙa bai wa ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, buƙatar masu sa ido a wannan mataki ta ƙaru. Akwai kuma batun sauya sheƙa. A watan Mayun 2025 sanatocin Kebbi uku da aka zaɓa a PDP suka koma APC, wanda ya dangwala wa lema ya wayi gari wakilinsa yana riƙe da tsintsiya. A kujerar rabo irin wannan ba ta yiwuwa idan doka ta tsara da kyau, domin kujerar ta jam'iyya ce: a Afirka ta Kudu ɗan majalisar da ya bar jam'iyyarsa yana barin kujerarsa, na bayansa a jeri ya hau.

Amfani na biyu ya shafi waɗanda tsarin yanzu ke rufe wa ƙofa tun kafin a kai ga akwati. Idan kujera ɗaya ce tak a mazaɓa, jam'iyya za ta ba wa wanda ya fi kuɗi da ƙarfin faɗa a ji, kuma kusan kullum namiji ne mai shekaru. Shi ya sa Majalisar Dattawa ta goma take da mata huɗu cikin 109, kuma a watan Maris na 2022 Majalisar Tarayya ta yi watsi da ƙudurin ware wa mata ƙarin kujeru. Jerin sunaye yana sauƙaƙa wannan, domin doka tana iya cewa a cikin kowane suna uku dole a sami mace, ba tare da an ƙwace mazaɓar kowa ba. Maƙwabciyarmu Nijar, ƙasar Musulmi masu al'ada irin tamu, ta kafa dokar kaso ga mata tun shekarar 2000, ta fara da kashi 10 cikin ɗari na kujerun zaɓe, ta kai shi kashi 25 a 2019. Ta kuma ware mazaɓu takwas na musamman ga ƙananan ƙabilu. Jiha kamar Kebbi, mai Hausawa da Fulani da Zabarmawa da Dakarkari da Kambari da sauransu, tana da makiyaya da masunta da ba su da rinjaye a kowace mazaɓa guda amma suna da yawa idan aka tara su. Jam'iyyar da ta san kowace ƙuri'a tana ƙara mata kaso za ta nemi irin waɗannan mutane ta sa nasu a jerinta.

Masu suka suna da hujjoji, kuma wasu daga ciki suna da nauyi. Na farko suna cewa jama'armu sun saba da wakilin da suka sani, wanda za su je gidansa idan rijiyar burtsatse ta lalace ko yaro yana neman aiki, kuma jerin sunaye zai raba su da wannan. Wannan suka ta dace da tsarin rabo zalla, irin na Afirka ta Kudu, inda jama'a suka daɗe suna kukan ba su san wanda za su kama ba. Gaurayen tsari bai taɓa wakilin mazaɓa ba, yana nan da sunansa da gidansa, ƙari aka yi a kansa. Na biyu, kuma shi ne mafi ƙarfi, suna cewa gwamna da iyayen gidan jam'iyya ne za su rubuta jerin, su cika shi da 'ya'yansu da yaransu. Wannan haɗari ne na gaske. Amma duk wanda ya ga yadda ake sayen daliget a zaɓen fid da gwani, ko yadda ake sanar da ɗan takarar maslaha da dare, ya san iyayen gida sun riga sun riƙe wannan iko a tsarin yanzu. Maganinsa a dokar jam'iyyu yake: a wajabta 'yan jam'iyya su zaɓi jerin a gaban jami'an hukumar zaɓe, a buga shi watanni kafin zaɓe, a hana canza shi bayan an rufe. Jam'iyyar da ta cika jerinta da mutanen da gari ba ya so za ta ga hakan a yawan ƙuri'unta, domin a wannan tsari duk ƙuri'ar da ta ɓace asara ce.

Suka ta uku ita ce tsarin zai haifar da jam'iyyu barkatai, kowace ƙabila da tata, gwamnati ta kasa zama. Masu wannan ra'ayi suna iya nuna Nijar, inda zaɓen majalisa na 1995 ya bai wa 'yan adawa rinjaye, Shugaba Mahamane Ousmane da Firaminista Hama Amadou suka yi ta sa-in-sa har Ibrahim Ba'are Mainasara ya yi juyin mulki a watan Janairun 1996. Sai dai tushen wancan rikici shi ne raba ikon zartarwa tsakanin shugaban ƙasa da firaministan da majalisa ke fitarwa. A Najeriya jama'a ne ke zaɓen shugaban ƙasa da gwamna kai tsaye, wa'adinsu shekara huɗu ne, kuma ba sa faɗuwa don ƙawancen majalisa ya rushe. Game da yawan jam'iyyu kuwa, tsarin yanzu bai hana mu kai 91 a 2019 ba, har sai da INEC ta soke rajistar 74 a 2020. Ƙasashen da ke rabo suna sa shinge: a Jamus jam'iyyar da ba ta kai kashi biyar cikin ɗari ba ba ta shiga rabo. Da irin wannan shinge, jam'iyyar jaka da hatimi ba za ta sami komai ba, sai wadda take da jama'a a ƙasa. Kundin tsarin mulkinmu kuma ya riga ya hana kafa jam'iyya a kan ƙabila ko addini ko yanki guda. Hasali ma tsarin yanzu ne ke ƙarfafa siyasar yanki, domin yana ɓoye dubban magoya bayan jam'iyya a inda ba ta ci ba, taswirar sakamako ta nuna kamar jiha guda ra'ayinta ɗaya.

Akwai masu cewa lissafin ya fi ƙarfin mutanen karkara. Wannan raini ne, kuma hujja ta ƙaryata shi. Mutanen Gaya da Dosso a Nijar, da iyaka ce kawai ta raba su da Kamba ta Kebbi, sun fara zaɓen majalisa ta hanyar rabo tun a 1993. A nan gida ma takardar ƙuri'armu ba ta ɗauke da sunan ɗan takara, alamar jam'iyya ce kawai, saboda haka a aikace jam'iyya muke dangwala wa tun da daɗewa. Masu zaɓen Kebbi da suka bai wa jam'iyya ɗaya sanatoci suka bai wa wata gwamna a shekara guda sun nuna sun iya wake da shinkafa, ba sai an koya musu bambancin ƙuri'a biyu ba. Batun kuɗi ya fi wannan cancantar a tsaya a kai, domin jama'a suna da gaskiya idan suka ƙi a ƙara 'yan majalisa alhali waɗanda ake da su sun yi wa baitulmali nauyi. Amsar ita ce ba dole ne a ƙara yawa ba. Mazaɓun da muke amfani da su tun 1996 aka shata su, duk da cewa kundin tsarin mulki ya tanadi a riƙa sake duba su. Idan aka zo sake shatawa ana iya rage mazaɓu, a cike gurbin da kujerun rabo, jimlar ta tsaya a 360. Ko kuma a ƙara kujeru da sharaɗin kasafin majalisa ba zai ƙaru ba.

Suka ta ƙarshe gaskiya ce tsantsa: rabo ba ya maganin maguɗi. Idan aka yi aringizon ƙuri'a dubu hamsin a inda jam'iyya ke da ƙarfi, hakan zai ƙara mata kaso, saboda haka tantancewa da na'ura, da liƙa sakamako a rumfa, da tura shi ta intanet, da al'adar a kasa a tsare a raka, duk suna nan daram. Hukumar zaɓe mai zaman kanta, musamman a matakin jiha inda gwamna ke naɗa masu shirya zaɓen ƙananan hukumomi, ita ce sharaɗin farko. Abin da rabo ke canzawa shi ne ribar maguɗi da zafin faɗuwa. A yau satar ƙuri'a ɗari biyar tana iya juya kujera sukutum, a tsarin rabo ba za ta motsa ko rubu'in kujera ba. Wanda ya sha kaye kuma ya san yana da kaso a majalisa, yana da dandalin da zai gina kansa kafin zaɓe na gaba, ba shi da dalilin tura yara su ƙona taya ko ya ruga jam'iyya mai mulki neman mafaka.

Hanyar kaiwa ga wannan gyara tana da tsawo. Sauya yawan kujerun Majalisar Wakilai ko yadda ake cike su yana buƙatar gyaran kundin tsarin mulki, wato kashi biyu cikin uku na kowace majalisar tarayya da amincewar majalisun jihohi 24 cikin 36, kuma waɗanda za su kaɗa wannan ƙuri'a su ne waɗanda tsarin yanzu ya kawo. Shi ya sa ya fi kyau a fara daga ƙasa. Sashe na bakwai na kundin ya bar wa dokar jiha ta tsara ginin majalisun ƙananan hukumomi da yadda za a haɗa su, saboda haka Majalisar Dokokin Kebbi tana da hurumin buɗe muhawara kan ƙara kujerun kansila uku a kowace ƙaramar hukuma da za a raba gwargwadon ƙuri'a, a gwada, a ga abin da zai haifar. Ƙungiyoyin manoma da na 'yan kasuwa da na mata, da malaman jami'ar da ke Aliero da ɗalibanta, su ne ya kamata su kai wannan magana zaman jin ra'ayin jama'a duk lokacin da aka buɗe gyaran kundi, su kuma tambayi duk mai neman kujerar majalisa matsayinsa a kanta kafin su ba shi ƙuri'a. 'Yan siyasar da ke kan mulki ma suna da dalilin saurara, domin babu jam'iyyar da ta dawwama a Kebbi: APP da ta zama ANPP ta yi zamaninta daga 1999, PDP ta karɓa a 2007, APC ta karɓa a 2015. Wanda ya yarda a ba marasa rinjaye kasonsu yau, kansa yake tanadar wa wurin zama ranar da rinjaye ya bar hannunsa.